Muhawarar Giwayen Yankari Ba Ɓata Lokaci Ba Ce

Malam, ka rubuta cewa ɗaliban kimiyya a Azare su daina muhawara kan namun daji, wai yawon buɗe ido harkar Turawa ce. Sam! Tun 1962 aka buɗe Yankari ga baƙi, kuma masu zuwa wanka a ruwan ɗumi na Wikki da ke dajin, a Bauchi suke kashe kuɗinsu. Za ka ce giwaye na ɓarnata gonakin maƙwabtan dajin. Gaskiya ne, amma ai nan muhawarar take: wa zai biya manomi asararsa? Ɗan Dagauda da ya gama Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, in bai koyi auna hujjar manomi da ta mai gadin daji ba, hadda kawai zai ɗura wa ɗalibansa.