Wa Ke Tambayar Mai Jego?

A ƙasar Hausa ba a wasa da jego. Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi da ƙauyukan da ke tsakaninsu, da zarar mace ta sauka sai a ɗora tukunyar wanka, a nemo ganyen darbejiya, a dama kunun kanwa, a dafa kauri. Idan haihuwar fari ce, a gidan iyayenta za ta yi wanka, uwa ko gwaggo na tsaye a kanta safe da yamma har ta yi arba'in. Al'ummar da ta ware kwana 40 cur saboda jikin mace ba za a ce ba ta san darajar haihuwa ba. Ƙarar da nake shigarwa ita ce, a tsawon kwanakin nan ana duba nono, ana duba cibiyar jariri, amma da wuya a zaunar da mai jego a tambaye ta halin da zuciyarta ke ciki. Wannan shirun cutarwa ne, kuma mu muke yin ta.

Akwai ciwo da likitoci ke kira ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ya bambanta da ƙuncin da mata da yawa ke ji a kwanakin farko, wanda ke zuwa da saurin kuka da ɓacin rai, ya wuce kafin mako 2. Shi ciwon damuwa yana zarcewa. Mace ta kasa barci ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita ranta, ta riƙa kuka ba dalili, ta ga kanta a matsayin uwar banza, wani lokaci ta ji babu shaƙuwa tsakaninta da abin da ta haifa. Yana iya tasowa a kowane lokaci cikin shekarar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mata 13 cikin 100 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa 20 cikin 100. Sauyin sinadaran jiki da rashin barci na cikin dalilai, haka ma talauci da rashin kulawar miji. A yankinmu sai a ƙara da matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, suka haihu a gidajen aro, wasunsu ma suna takaba.

Idan alamun suka bayyana, hukunci uku muke yankewa. Na farko mu ce shagwaɓa ce ko ƙiwuya. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma mun horar da 'ya mace tun tana ƙarama ta ɓoye ciwo, har nakuda ma a yi ta ba ihu. Ga kuma alkunyar ɗan fari: yarinyar da ta ƙi ɗaukar jaririnta sai a yabe ta da kunya, alhali wataƙila ciwo ne ke raba su.

Na biyu mu ce rashin tawakkali ne. Mai wannan zance ya koma Suratu Maryam. Lokacin da nakuda ta tsananta, Nana Maryam ta yi fatan da ta mutu kafin ranar. Amsar da ta samu lallashi ce da ruwan sha da dabino. Wane ne mu da za mu tsangwami 'yarmu a inda aka lallashi mafificiyar mata?

Na uku mu ce iska ce. Addu'a da ruƙiya suna da matsayinsu, kuma ba su hana zuwa asibiti. Amma macen da ta fara jin muryoyi, ko surutai marasa kan gado, ko zargin za a kashe mata jariri, tana iya kasancewa cikin taɓin hankalin bayan haihuwa, wanda ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000. Wannan na gaggawa ne. Duk makon da aka ɓata ana turara mata hayaƙi, rai biyu ake caca da su.

Wani zai ce ciwon Turawa ne, kakanninmu ba su san shi ba. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da yawan shan kanwa da tsananin gashi. Kafin nan ma mata na kumbura suna mutuwa, ana ɗora laifin a kan sanyi. Rashin suna bai taɓa hana ciwo kisa ba.

Wani kuma zai ce ina muka ga likitocin ƙwaƙwalwa a Kurfi? Gaskiya ne sun yi ƙaranci, amma gano ciwon ba ya jiran su. Tun 1987 aka samar da ma'aunin Edinburgh, tambayoyi 10 da ake amsawa cikin 'yan mintoci. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye, bayan ɗan horo, sun rage ciwon ƙwarai ta hanyar tattaunawa da iyaye mata, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin a littafi a 2015. Mu ma muna da ƙofar. Uwa na kai jariri rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma mako na 6 ya zo daidai da gama arba'in. Ana auna jariri a rubuta a kati, uwar da ta goyo shi ta juya ba wanda ya ce mata yaya barci.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958. Doka ba ta shiga ɗakin mai jego sai da ƙafar mutum. Don haka Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta sanya tambayoyin nan da Hausa a ranakun rigakafi, ta horar da ungozoma, ta fayyace inda za a tura wadda aka gano. Limamai da malaman Islamiyya su faɗa cewa ciwo ne mai magani. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su kai zancen gidajensu.

Kai kuma maigida, aikinka bai ƙare da ragon suna ba. Ka nemo mai riƙe jariri ta samu barci, ka saurare ta ba tare da wa'azi ba. Idan ƙunci ya haura mako 2, ka kai ta asibiti. Akwai magungunan da likita ke ba mai shayarwa. Idan ta ambaci kashe kanta ko cutar da jariri, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Ke kuma mai jego, faɗin abin da ke damunki ba butulci ba ne ga kyautar Allah. Ki faɗa wa wadda kika yarda da ita, idan ba ta ji ba ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar rigakafi.