Karatun zane ba ɓata lokaci ba ne

Ƴan kasuwa da iyayenmu mata, ku juya takardar naira 20 da ke yawo a kasuwar Difa. Matar da ke ginin tukunya a bayanta Ladi Kwali ce, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1977. Aikin hannu ne ya kai ta nan.

Amma yau in yaro ya ci bak ya ce zane zai karanta, sai a ce ya lalace. Wannan kuskure ne. Tattasan Komadugu buhu-buhu yake fita, ba suna ba tambari, riba mai tsoka kuwa tana hannun wanda ya niƙa ya zuba a leda mai kyan zane. Tsara irin wannan leda, da allon shago, da zanen atamfa, ilimi ne da ake koyarwa a jami'o'in Zariya da Maiduguri.

Jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014, ta fi ba da ƙarfi ga noma da muhalli. Muna kira ga hukumomi su buɗe mata sashen zane. Ku kuma iyaye, kada ku karya alƙalamin yaro mai baiwa.