Jiran Kirsimeti Ba Cin Kasuwa Ba Ne

Ɗan'uwa mai karatu, ko kai Kirista ne ko maƙwabcin Kirista, saurara. Kafin 25 ga Disamba akwai Lahadi 4 da Kirista ke kira lokacin jira. Lahadin farko tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A cocin Katolika fada yakan sa tufa mai launin shuni, alamar tuba. Kowace Lahadi a kunna kyandir guda, har su cika 4.

To, mu a nan Gaya mi muka mai da wannan lokaci? Mun mai da shi kasuwa. An gama kaka, rumbu ya cika, sai mai gida ya buɗe shi ya kai hatsi kasuwa yana araha. Kuɗin su tafi ga atamfa daga Malanbil, da takalmi daga Kamba, da kuɗin ɗinki. Damina ta zo, shi ne kuma zai sayi hatsin nan nasa da tsada, ko ya ci bashi wurin ɗan kasuwa. Wannan ba jiran Almasihu ba ne, jiran tela ne.

Kai manomi ne, ka fi kowa sanin jira. Da bazara ba ka zaune. Kana sharar gona, kana kai taki, kana gyaran hauya, kana ɓoye iri ko da yara na kukan yunwa. Ba ka san ranar da ruwa zai sauka ba, amma ka shirya. Haka makonnin nan suke, sai dai gonar ita ce zuciya. A tuba, a biya bashi, a je a shirya da ɗan'uwan da aka yi shekara ba a gaisa ba.

A coci ana karanta labarin Yahaya Mai Baftisma. Da mutane suka tambaye shi yadda za su shirya, bai aike su kasuwa ba. Mai riga biyu ya umarce shi ya ba marar riga ɗaya. Masu karɓar haraji ya hana su ƙari bisa abin da aka yanka, soja kuma ya hana su ƙwace. Garin kan iyaka irin namu, maganar ba ta tsufa ba.

Za ka ce yara fa, su fita ranar salla da tsumma? A'a. Ɗinka musu, ba laifi. Amma da kuɗin rake ko na kaji, ba da abincin watan Agusta ba. Kiristocin Masar da na Habasha har yau suna azumi fiye da kwana 40 kafin tasu sallar, ba nama ba madara, kuma murnarsu ba ta ragu ba.

Ɗan'uwa Musulmi, kada ka yi dariya. Tuna wanda ya sai da garwar gero nawa bara don ragon layya.