Bismillah a Baki, Baƙar Kaza a Hannu



Kwanakin baya wata ɗalibata a nan yankin Watari ta zo mini da tambaya. Ɗanta na fama da zazzaɓi har da jijjiga, sai uwar mijinta ta kai su wurin wani mai magani. Ya yi bismillah, ya karanta ayoyi, sannan ya ce a yanka wa iskoki baƙar kaza. Ta ce, "Malama, tunda da sunan Allah ya fara, akwai laifi?"

Wannan gauraye ba yau ya fara ba. Tarihin Kano ya nuna sarakunan dā sun daɗe suna yi wa Dirki yanka, alhali Alƙur'ani ne aka naɗe cikin fatu, har zuwa zamanin Sarki Alwali da mulkinsa ya ƙare a 1807. Ba mu kaɗai ba ne: a garin Chamula na ƙasar Meksiko, 'yan ƙabilar Maya suna kashe kaza cikin cocin Katolika don neman waraka. Sabon addini ya shigo, tsohuwar al'ada ta sake riga.

'Yar'uwa, yanka don wanin Allah shirka ne, bismillah ba ta halatta shi. Ki yi wa ɗanki addu'a, ki garzaya da shi asibiti, domin zazzaɓin cizon sauro na kawo jijjiga, kuma ba ya jira. Suruka kuwa, a fahimtar da ita cikin ladabi. Da karantarwa Nana Asma'u ta jawo matan karkara.

Allah Ya tsare mana imaninmu. Sai wata mai zuwa.