Ranar da na yi tafi ni kaɗai a zauren orkestra

Shekarun baya, albarkacin ƙawancen da ke tsakanin lakwal ɗinmu da wata ta wani ƙaramin gari a Faransa, na yi mako biyu a can. Daren Asabar mai masaukina ya ja ni zuwa zauren gari don sauraron orkestra. Makaɗan duk mutanen garin ne: ga mai gasa burodi, ga ma'aikaciyar jinya, ga tsofaffin da suka yi ritaya. Babu mai biyan su ko dala, sau ɗaya a mako suke haɗuwa su yi gwaji bayan sun tashi aiki. Da kiɗa ya tsaya, sai na shiga tafi da ƙarfina. Ni kaɗai. Ashe kashi na farko ne kawai ya ƙare.

Ƴaƴanmu na fita karatu waje, wasunmu ma aiki na kai su, don haka ga abin da na so a ce an gaya mini tun kafin in shiga.

Ku iso da wuri. In an fara, a bakin ƙofa za a tsayar da ku sai an kai gaɓa. Tufafi kuwa, masu tsabta sun wadatar, riga da hula ma ado ne. Ku kashe salula, ku karɓi takardar da ake rabawa a ƙofa, don ita ke nuna kiɗa nawa za a yi da kashi nawa ke cikin kowane. Yawanci taron na ɗaukar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, da ɗan hutu a tsakiya.

Hayaniyar da za ku ji da farko saita kaya ake yi. Mai busa obuwa, wadda ƴar'uwar algaitarmu ce, shi ke ba da sautin "la", kowa ya daidaita nasa a kai. A gaba masu gogen Turawa ke zama, manya da ƙanana. Bayansu masu sarewa da ire-irenta, sai masu ƙahonin tagulla, can ƙurya kuma masu ganguna. Mai ƴar sanda da ya juya muku baya shi ne madugu.

Babban kiɗan da ake kira simfoni galibi kashi huɗu gare shi, kuma shirun da ke tsakani na cikin kiɗan. Ku jira madugu ya sauke hannu ya juyo, sannan ku tafa iya son ranku. Babu guɗa, babu hawa dandali a yi liƙi. Mai son yin alheri ya nemi akwatin gudummawa a bakin ƙofa.

Wanda ya yi kuskure irin nawa kada ya ji kunya. A 1778 Mozart ya rubuta wa mahaifinsa daga Paris yana murnar cewa jama'a sun yi ta tafi ana tsakar kiɗansa. Al'adar yin tsit daga baya ta kafu.

Na san wani zai ce wannan kiɗan Nasara ne, ina ruwanmu? A Kinshasa, a 1994, wani tsohon matuƙin jirgin sama, Armand Diangienda, ya kafa orkestra ta Kimbangist da mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe irin waɗannan kayan ba. Wasu kayan da hannunsu suka ƙera, in tsirkiya ta tsinke su ɗaura wayar birkin keke. Sun kai ga kaɗa simfoni na tara na Beethoven, har aka yi fim a kansu a 2010. Talauci bai hana su ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a matsayina na malami shi ne sauraro. Mutum hamsin na kiɗa tare, kowa na jin na kusa da shi, kowa ya san lokacin da zai yi shiru. Yara na cikin zauren, sun zauna minti goma ba motsi. A ajina yau, minti uku na natsuwa sai an yi da gaske, kuma iyaye sun san abin da salula ta yi wa kunnen yaranmu.

Ba sai mun jira zuwa Turai ba. Malam, sa wa ɗalibanka gogen Ɗan Gurmu ko wani kiɗan orkestra na minti biyar, ka hana magana, sannan ka tambaye su kayan kiɗa nawa suka ji, wanne ya fara, wanne ya amsa. Iyayen da ke Yamai kuma, in cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya ko gidan matasa sun shirya wasa, ku kai yara, ku faɗa musu tun daga gida yadda ake zama da lokacin tafi. Yaron da ya iya sauraron kiɗa har ƙarshe zai iya sauraron darasi, zai kuma iya sauraron wanda ra'ayinsu ya saɓa.

Ni dai a daren nan, wata tsohuwa da ke gefena ta yi murmushi, ta ɗaga mini yatsu uku: saura kashi uku. Na jira, kuma da lokaci ya yi, babu wanda ya kai ni tafi.