A Kai Yara Su Ga Gurara, Amma Kada Goyo Ya Sauka Kan Dutse

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mu da muka tashi a Bwari, duwatsu sun kewaye mu gabas da yamma, ga kuma madatsar ruwa ta Usuma kusa da Ushafa, wadda daga cikinta birnin Abuja ke shan ruwa. Amma abin mamaki, da yawa daga yaranmu ba su san inda ruwan famfo ke fitowa ba, balle a ce sun taɓa ganin ruwa yana zubowa daga kan dutse in ba a talabijin ba. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne ya kamata a riƙa kai yara irin waɗannan wurare, musamman magangarar ruwa ta Gurara da ke maƙwabtaka da mu. Sai dai akwai sharaɗi guda: ƙaramin cikin ayari shi ne ma'aunin tafiya, ba babba ba.

Bari in fara da bayanin wurin saboda mai karatun da bai taɓa zuwa ba. Magangarar Gurara tana cikin ƙaramar hukumar Gurara ta Jihar Neja. Wanda ya taso daga Bwari zai bi ta Dutse da Kubwa, ya fita Zuba, ya wuce Dutsen Zuma, ya bar Suleja a baya, sannan ya kama hanyar Minna kafin ya ratse. Ana zuwa a dawo a yini guda. Ruwan na faɗowa ne daga tsayin da ya kai kimanin mita 30, faɗinsa kuwa wajen mita 200 ne idan damina ta zauna. Kogin ya taso ne daga Jihar Kaduna, ya gangara har ya faɗa Kogin Kwara. A can sama akwai madatsar Gurara, wadda ake turo ruwanta ta bututu zuwa madatsar Usuma. Ashe ke nan ruwan Gurara ba baƙo ba ne gare mu, danginsa ne ke kwana a randunan Abuja.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da idona ya gani. Wani hutun ƙarshen damina na raka yayata da 'ya'yanta uku zuwa Gurara. Babban yana da shekara tara, mai bi masa biyar, autar kuwa wata huɗu, tana goye. Da muka isa wajen da ake tsayawa a hango ruwa daga sama, sai na ce, "Yaya, mu sauka ƙasa mana, can ne ake jin daɗin kallon." Ta dube ni ta ce, "Kai dai sauka da babban. Ni da goyo nan ne iyakata." Na ɗauka tsoro ne kawai irin na iyaye mata. Ba mu jima da sauka ba sai ga wata mata da jariri a baya tana tsallaka duwatsu da silifas, wai za ta matsa kusa da ruwa a ɗauke ta hoto. Ƙafarta ta taka gansakuka, santsi ya kwashe ta, ta tafi da baya. Wani saurayi da ke kusa ne ya yi wuf ya tare ta. Da babu shi, kan jaririn ne zai fara isa dutse. Ɗan yayata ya matse hannuna ya ce, "Kawu, mu koma wajen Umma." Tun daga ranar na gane ba tsoro ba ne, hankali ne.

A nan ne nake son iyaye mata su tsaya su yi nazari. Goyo da zani da majanyi ya dace da tafiyar kasuwa da ta gona, ya bar wa uwa hannu biyu, ya kuma kwantar wa jariri da hankali. Amma a kan jiƙaƙƙen dutse lissafin ya sauya. Wanda santsi ya ɗauka a gangare galibi baya yake faɗawa, baya kuwa nan jariri yake. Uwa ba ta ganinsa, ba ta kuma iya kare kansa da hannu. Ga nauyin goyo yana rinjayar jiki. Wannan ba laifin zani ba ne, ko jakar goyon Turawa aka sa, haɗarin na nan. Mai goyo ta tsaya a sama inda ƙasa take busasshiya, kallon da za ta yi daga can ya wadatar.

Na san akwai masu cewa, to me ya kai yaro bakin ruwa tun farko? A bar su a gida mana, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wasu ma sukan haɗa da batun mutanen ɓoye da ake cewa suna zama a ruwa. Ban raina tsoronsu ba, domin ruwa ba sa'an kwando ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Girman matsalar ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara, tun daga 2021, domin faɗakarwa a kanta. Sai dai mu tambayi kanmu, a ina yaran unguwanninmu suke nutsewa? A kududdufi, da rijiyar da ba murfi, da rafin bayan gari inda suke zuwa a ɓoye ba da sanin kowa ba. Yaron da aka hana ganin ruwa ba ya daina sha'awarsa, satar hanya yake yi ya je shi kaɗai. Wanda kuwa mahaifinsa ya riƙe masa hannu, ya nuna masa ƙarfin ruwa, ya ce nan ake tsayawa, can ba a takawa, ya sami darasin da bulala ba ta koyarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma ɓangare na biyu, masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sai su kwashi yara goma a mota guda da babba ɗaya ko biyu, a isa kowa ya kama gabansa. Waɗannan sun fi ba ni tsoro. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru yake tafiya cikin ɗan lokaci kaɗan, ƙarar Gurara kuwa ko babba ya yi kururuwa da ƙyar a ji shi. Kowane yaro ɗan ƙasa da shekara shida yana buƙatar babba guda wanda ba shi da aikin da ya wuce shi. Ba mai ɗaukar hoto ba, ba mai amsa waya ba.

Sai batun lokaci. Da damina ne ruwan ya fi ban sha'awa, a lokacin ne kuma ya fi haɗari. Ana iya tafka ruwan sama a kudancin Kaduna alhali gari garau yake a inda kake tsaye, sai kawai ka ga kogi ya ƙaru. Mai tafiya da ƙananan yara ya jira rani, tsakanin Janairu da Maris, sa'ad da ruwa ya ja baya, duwatsu suka bushe. A yi sammako, a juyo tun rana na sama. Ba mu manta da sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari a Janairun 2024 ba, don haka a tambayi halin da hanya ke ciki kafin a fita, kada kuma magariba ta riski iyali a daji.

Ko da rani ma ban goyi bayan a saki yara su yi wanka ba. Ruwan da ya kwanta a gefen kogunanmu yakan zama gidan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini. Ruwa mai gudu da ƙarfi kuma nan ne baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar kogi yake hayayyafa. Wannan yanki ya san shi tun tuni, domin a shekarun 1950 an yi aikin zuba magani a kogunan tsohuwar masarautar Abuja, wato Suleja ta yau, saboda wannan ƙuda. A sa wa yara riga mai dogon hannu da wando da takalmi mai kama ƙasa. A tafi da ruwan sha daga gida, da abinci, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, a yawaita ba shi a inuwa, uwa ce za ta yawaita shan ruwa.

Wanda bai shirya wa Gurara ba tukuna, ya fara da abin da ke ƙofar gida. A zaga da yara gindin duwatsun Ushafa, a nuna musu madatsar Usuma daga nesa, a biya da su wajen masu ginin tukwane, inda shugaban Amurka na wancan lokaci, Bill Clinton, ya ziyarta a 2000. A nan za a gane wane yaro ne ke jin magana, wane ne kuma ke gajiya da wuri.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, tunda galibi mu ne kawunai da gwaggwannin da ke shirya irin wannan fita lokacin hutu. Mu kai ƙannenmu da 'ya'yan yayyenmu su ga ƙasarsu, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma inda ƙafar ƙarami ta tsaya, nan tafiyar kowa ta ƙare. Ruwan Gurara ba inda za shi, baɗi ma yana nan. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.