Talla Daban, Haja Daban

'Yan'uwa ɗalibai, wani yayi ya shigo wa matasanmu masu sha'awar rubutu a Gwarzo da Kabo: a matse littafi guda cikin layi biyu, a liƙa a Facebook ko X ranar da aka tsayar, a zauna jiran wani mai ɗab'i ya danna alamar so. Mu dai mun ce wannan caca ce, ba adabi ba.

Daga Amurka aka kwaso al'adar. Can ma PitMad, uwar irin wannan kasuwa, inda ake tallan littafi cikin haruffa 280, ta watse a 2022. Kuma ko sa'ad da take ci, sharaɗinta shi ne sai ka gama littafin ka tace shi. Mu fa? Yaro ya rubuta babi ɗaya, ya ƙone kuɗin data, ya hau roƙon a yaba. Kaico! Wa zai gyara masa ƙa'idar rubutu? Masu danna so?

A 1933 da Rupert East ya sa gasa, cikakken labari Abubakar Imam ya aika, aka duba, aka gyara, kana Ruwan Bagaja ya fito. Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, ita ma labari ta nema, alƙalai suka karanta.

Muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Gwarzo da Kabo: hutun nan a ari aji guda a firamare, kowa ya zo da rubutunsa, a karanta a bainar jama'a, malamin Hausa na zaune da jan biro.